Ranar Da Aka Gwada Jaciara

A garin su Edileuza babu gidan da ba a jin kukan keken ɗinki. Wandon jins ake ɗinkawa tun fitowar rana har faɗuwarta, kowane gida da guntun aikin da ya sani: wasu ƙafafu suke haɗawa, wasu zif, wasu maɓalli. Ita Edileuza aljihun baya take yi, a barandar gidanta da ta mayar shago. Mijinta Genivaldo yana aiki a marinar da ke bakin rafi, inda ake wanke wandunan a rina su, shi ya sa ko ranar Lahadi a coci hannuwansa shuɗaye ne har gwiwa.

'Yarsu ɗaya ce, Jaciara. Shekararta goma sha biyu, tana aji shida, kuma ba ta iya karatu ba. Ba wai ba ta san haruffa ba. Ta san su ɗaya bayan ɗaya, amma in suka jeru a layi sai su cakuɗe mata, ta kama kalma ɗaya tana gwaguya kamar ƙashi, kafin ta kai ƙarshen layi ta manta farkonsa. Amma ita ce za ta kalli wasan kwaikwayo a talabijin, washegari ta zauna a baranda ta ba matan da ke ɗinki labarin tas, da muryar kowa da irin tafiyarsa, har sai sun tsayar da keke don dariya. In malami ya yi bayani da baki ta kwashe shi kenan. Da wannan ta yi ta lallaɓawa shekara da shekaru: ƙawa ta karanta mata shafi, ta haddace, ta riƙe littafi a gaban aji tana bin layi da yatsa. Aji shida ne ya tona mata asiri, don malamai sun yi yawa, kowa ya cika allo da rubutu ya goge kafin ta kwafi rabi.

Kowace safiya Edileuza takan taje mata kai tana faɗa mata magana ɗaya: "Ke ba daƙiƙiya ba ce. Duk wanda ya ce miki haka, ki ce ya zo ya same ni."

Wata rana Malama Neide, mai koyar da su harshe, ta aiko kiran Edileuza.

"Zauna, Dona Edileuza, ba ƙara zan kawo ba," in ji ta. "Yarinyar nan tana da kai. Amma akwai abin da ke tsakaninta da rubutu, ni kuwa ban san sunansa ba, ba fannina ba ne. Yara sun kusa arba'in a ajina. In na tsaya a kanta, sauran su hau tebur."

"To me za a yi, Malama?"

"Na sa sunanta a layin gwaji na ƙaramar hukuma. Akwai likita mai auna yaran da karatu ke ba wahala. In ta rubuta mata laudo, takardar da ke faɗin abin da ke damun yaro, to makaranta za ta samo mai zama kusa da ita a aji. In babu takardar, ko fensir ba za a ƙara mata ba."

Aka shiga jira. Damina ta zo ta wuce, aka yi bikin São João da ake hura wuta a titi aka share tokar, shekara ta ƙare, Jaciara ta faɗi. Ta maimaita aji shida da yaran da ta fi tsawo. Sai a tsakiyar wannan shekarar aka bugo waya aka ce ta kawo ta ranar Alhamis.

Edileuza ta tsallaka titi ta kai wa Zefinha albishir. Zefinha ce uwar baftismar Jaciara, shi ya sa ita da Edileuza suke kiran juna comadre, shagonta ya fi na kowa girma a layin, bakinta ma haka. Tana jin labarin ta cire ƙafa daga kan keke.

"Comadre, kar ki yi wautar da na yi," ta ce. "Ɗana Wellington, na yi masa wanka, na ce ya nutsu ya nuna musu ƙwazonsa. Ya nuna kuwa. Likita ta ce ai yaro ne mai basira, karatun ne kawai ke masa gardama, in kai shi birnin Recife wajen ƙwararru. Na kai takardar makaranta, suka ce irin wannan ba ta kawo mai taimako. Recife kuma na yi ta zarya har takalmina ya tsinke. Ga shi can yana dakon ƙunshin wando."

"Amma ai Jaciara tana buƙata da gaske."

"Wa ya ce ba ta buƙata? Mutanen nan ba sa ba mai ɗingishi sanda, sai gurgu. Ki ce mata ta gurgunce na awa ɗaya. In an tambaye ta, ta ce ba ta sani ba. Ta saki baki, ta kalli bango. Awa ɗaya tak, comadre, ki saya mata shekaru."

Edileuza ta dawo gida da maganar. Da rana, suna cin wake da shinkafa da garin rogo, Jaciara tana makaranta, ta gaya wa Genivaldo. Bai ɗago kai ba.

"Ni ma haka haruffa suka yi mini," ya ce. "Na bari a aji uku. Ga ni ina ci ina sha."

"Kana ci da hannu shuɗi, kana tari duk safiya. Shi kake so mata?"

"To ki yi abin da kika ga ya fi. Ke kika yi makaranta."

Ranar Laraba da la'asar uwa da 'ya suna zaune a baranda, Jaciara tana yanke zaren da ya yi saura a bakin aljihu da ɗan almakashi. Edileuza ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta faɗa mata shawarar Zefinha. Ta ce wasa ne kawai, irin wanda take yi in tana kwaikwayon mutanen talabijin.

Jaciara ta ajiye almakashin, ta dubi uwar da take kira Mainha. "Mainha, so kike in yi kamar daƙiƙiya?"

"Kamar, na ce. Ni da ke mun san gaskiya."

"Ni na ɗauka in na je za ta gano abin da ke damuna, ta gaya mini sunansa."

"Za a gano daga baya. Mu dai fara samun mai taimakon."

Yarinyar ta kalli tarin wandunan. Sannan ta saki leɓenta na ƙasa, ta kashe idanunta, ta karkatar da kai gefe. Fuskar ta fita sak.

"Haka?" in ji Jaciara.

"Ki ɗan rage. Kar ya yi yawa."

Ɗakin gwajin yana bayan asibitin ƙaramar hukuma. Iyaye mata sun cika benci, kowace da ɗanta da jakar takardu. Doutora Solange matashiya ce, daga birnin Caruaru take zuwa sau ɗaya a mako, idanunta sun nuna gajiya tun da safe. Ta kama hannun Jaciara suka shiga, ta rufe ƙofa. Edileuza ta zauna tana jin ƙarar fanka da muryar likitar sama-sama, tana tambaya, tana sake tambaya. Muryar 'yarta kuwa ba ta ji ba sam.

Da aka kira ta, ta tarar da Jaciara zaune gefe, a gabanta wasu 'yan katakai masu fari da ja a warwatse kan tebur.

"Zauna, Dona Edileuza," in ji likitar. "Akwai abin da ya ɗaure mini kai. Kusan duk abin da na tambaye ta ta ce ba ta sani ba, har abin da ɗan shekara shida zai amsa. Amma na ba ta katakan nan ta jera su kamar yadda ke jikin hoto, na juya in ɗauki biro, sai na ga ta wutsiyar ido ta jera su daidai, ta kuma sa hannu ta watsa. Zan tambaye ki, kuma ba don in kama ki da laifi ba. Akwai wanda ya ce mata ta yi haka?"

Edileuza ta dubi katakan. Ta tuna Wellington da ƙunshi a ka. Ta tuna shekarar da aka yi ana jiran wannan kujerar.

"Babu, Doutora. Haka take. Wani lokaci ta dace, wani lokaci ta ɓata."

"A gida fa? Ana aiken ta? Tana karɓo canji daidai?"

"Ba a aiken ta. Mantawa take yi. Ko hanyar shago sai ta ɓace mata."

"Wanka, sa kaya, dafa ɗan abu?"

"Sai na tsaya a kanta."

Tana faɗa ba ta kalli gefen da yarinyar take ba, amma ta san tana kallon ta. Jaciara ce ke dafa kuskus ɗin masara na karin kumallo tun tana shekara tara.

Doutora Solange ta murza goshi. "Irin wannan aikin zama uku ko huɗu yake so, da zuwa makaranta in ga yarinya a aji. Zama ɗaya suka ba ni, ga layi can a waje kin gani. Zuciyata tana gaya mini karatu ne kaɗai matsalarta, kuma wannan da an kama shi da kyau ana samun sauƙi. Amma ba zan rubuta abin da zuciyata ta ce ba, sai abin da na auna da abin da uwa ta shaida. Zan sa raunin fahimta, mara tsanani, in kuma rubuta cewa na wucin gadi ne, a sake gwaji bayan shekara. Kin tabbata babu abin da kike so ki ƙara?"

"Babu, Doutora. Allah ya saka."

A hanya ta tsaya ta saya wa Jaciara ruwan rake mai sanyi. Yarinyar ta riƙe kofin ba ta sha ba.

"Na iya ko, Mainha?"

"Kin iya, 'yata."

"Ke ma kin iya," in ji Jaciara.

Takarda ta yi aikinta. Bayan 'yan makonni aka kawo mai taimako, wata budurwa mai suna Thamires, 'yar ɗan'uwan wani kansila, wadda ba ta daɗe da gama sakandare ba. Ba muguwa ba ce, amma ba a taɓa koya mata yadda ake koyar da kowa ba, kuma yara uku aka haɗa mata. Ɗaya cikinsu da ya ji ƙara sai ya fita da gudu, rabin yininta a bin sa yake ƙarewa. Don a sauƙaƙa mata aiki aka tattara su ukun a bayan aji, kusa da ƙofa. Malamai suka daina ɗaga Jaciara ta amsa tambaya, don kar a kunyata ta. In ana darasin tarihi sai a miƙo mata hoton jirgin ruwa da fensir masu launi ta shafa. Ranar jarrabawa takardarta daban ce, a ja layi daga hoton kare zuwa hoton ƙashi. Ta ci, aka wuce da ita aji bakwai, inda Malama Neide ba ta koyarwa.

Yara kuwa ba su ɓata lokaci ba. Sunanta ya koma Laudo. "Laudo, kawo fensirinki mu ga ja." "Ku bar ta, ba ta da lafiya." Ƙawar da ke karanta mata shafi ta koma zama a gaba da wasu.

Da farko Jaciara takan dawo gida da kuka. Daga baya ta daina, wannan ne kuma ya fi tayar wa Edileuza hankali. Ta daina haddace komai, tunda ba mai tambayar ta. Ta daina ba matan labarin talabijin a baranda. In an yi mata magana sai ta ɗaga kafaɗa ta ce ba ta sani ba, kuma ga alama ta sami hutu a cikin kalmar, irin hutun wanda ya daɗe da kaya a ka aka ce ya sauke.

Wata Asabar zare ya ƙare ana tsakiyar aiki. Edileuza ta ce, "Jaciara, ruga shagon Seu Nivaldo ki karɓo mini zare ruwan ƙasa."

Yarinyar tana kwance a kan tarin wanduna. "Ba a aike na, Mainha. Hanyar shago ɓace mini take yi."

Edileuza ta miƙe da niyyar mari, hannunta ya tsaya a sama. Jaciara ba ta kauce ba, ba ta ma ƙifta ido ba. Uwar ta sauke hannu, ta ɗauki jakarta ta tafi shagon da kanta.

Litinin ta nufi asibiti, ta ƙudura za ta gaya wa Doutora Solange komai, ko da za a kore ta da zagi. Ta tarar da ɗakin gwajin cike da kwalayen magani. Matar da ke teburin karɓar baƙi ta ce ai tun bayan zaɓe sabon shugaban ƙaramar hukuma ya sallami duk 'yan kwantiragin tsohon, har da likitar, ba a kawo wata ba tukuna.

"Amma takardar ta ce a sake gwaji bayan shekara."

"Duk haka suke cewa, Dona. Kawo sunan in sa a layi. Sai dai ki sani waɗanda ba a taɓa gwadawa ba su za a fara gani."

Daga nan ta wuce makaranta wajen shugabar. Ta ce a cire takardar, 'yarta lafiyarta lau, ita ce ta sa ta ta yi ƙarya. Shugabar ta dube ta da tausayi, ta tura mata kofin ruwa.

"Iyaye da yawa sukan yi haka, Dona Edileuza. Karɓar irin wannan abu ba sauƙi. Amma ni ba ni da ikon soke abin da likita ta sa wa hannu, ya riga ya shiga kwamfuta. Kuma ki duba, yarinya a aji bakwai ba ta karanta layi biyu. Ina ƙaryar take?"

Edileuza ta ɗauki kofin. Ta sha ruwan ta fito.

Mutum ɗaya ce ta yarda da ita. Ta haɗu da Malama Neide a kasuwa wajen masu rogo, ta gaya mata a tsaye, da kwando a hannu. Malamar ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce, "Da ni ma na yi miki bayani sosai tun farko. Turo mini ita ranar Asabar, gidana. Ban ƙware ba, amma na ɗan karanta yadda ake bi da irinsu, da sauti ake farawa."

Jaciara ta je, bisa tilas. Asabar ta biyu ta dawo da wata 'yar walwala, har ta tsaya gaban kalandar coci da ke bango ta karanta layin da ke ƙasa, a hankali, ba tare da wani ya fara karanta mata ba. Edileuza ta shige kicin don kar a ga idonta. Amma mahaifiyar Malama Neide ta faɗi ta karye a ƙugu, malamar ta koma kwana da yini a asibitin Caruaru duk ƙarshen mako. Aka ce sai ta samu sarari. Kafin ta samu, aikin ƙarshen shekara ya taso, lokacin da 'yan kasuwa ke zuwa da manyan motoci daga jihohi masu nisa, kowane gida yana neman ƙarin hannu.

Zefinha ce ta ce a ba ta aron Jaciara na hutun nan kawai. Ta zaunar da ita kan keken haɗa ƙafa, cikin mako guda yarinyar ta kamo matan da suka shekara a kai. Da aka koma makaranta ba ta koma ba. Edileuza ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta ce to in ɗinkin ne ta dawo baranda su yi tare.

"Can ya fi mini, Mainha."

"Me can ɗin ya fi nan da shi?"

"Can ba mai kallo na yana jin tausayin kansa."

Makaranta ta aiko sau ɗaya a ji dalili, daga nan shiru. Genivaldo ya ce ai ga shi ta sami sana'a, me ake so kuma. Zefinha kuwa har gobe cewa take shawararta ba ta da laifi, gwamnati ce ba ta cika alkawari ba. Suna gaisawa da Edileuza, amma Edileuza ta daina tsallaka titi sai da dalili.

Jaciara tana da shekara goma sha biyar aka bugo waya. An kawo sabon likita, layi ya zo kanta, a kawo ta ranar Talata da safe. Edileuza ta tsallaka ta same ta a shagon Zefinha, kanta sunkuye, abin jin waƙa a kunne. Sai da ta taɓa kafaɗarta.

"Sun kira, 'yata. Za a sake gwajin. Wannan karon ki yi iya yinki, ni kuma zan faɗi gaskiya a gabanki."

Jaciara ta cire abin kunne ɗaya. Ba ta yi fushi ba, da taushi ma ta yi maganar.

"In sun ce ina da kai, sai me? In koma aji bakwai da yara 'yan sha biyu?"

"Akwai makarantar manya ta yamma."

"Da yamma bayana ciwo yake yi. Ki bar shi, Mainha. Talata ma muna da kayan da za a kwasa." Ta mayar da abin kunnen, sai kuma ta sake cirewa. "In za ki shiga gari, ki sayo mini allurar keke, tawa ta fara tsallake."

Ranar Talata Edileuza ta yi wanka ta sa rigar zuwa coci, ta hau babur ta tafi ita kaɗai. Ta gaya wa matar teburin cewa a ba wani yaron gurbin.

"Kun bar gari ne?"

"A'a. Ta daina makaranta."

Matar ta danna wani abu a kwamfuta, ta leƙa ta bayan Edileuza ta kira suna na gaba. Edileuza ta ɗan tsaya ko za a ƙara tambayar ta wani abu, ba a tambaya ba. Ta fito ta sayi burodi, ta tari mai babur. Sai da ya sauke ta a ƙofar gida ta tuna ba ta sayi allurar ba. Ta ce masa ya juya.